Magidanci Zai Koma Makarantar Nas: Wa Zai Riƙe Masa Gida?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani ƙauye a ƙasar Bici, kuma mai ita ya yarda a amsa masa a fili matuƙar ba a faɗi sunansa ba. Magidanci ne ɗan shekara 41, tela, yana kuma taɓa noma a gonar gado da damina. Matarsa ɗaya, 'ya'yansu biyar. Ya gama sakandare tun da daɗewa a ɓangaren kimiyya, amma babu halin ci gaba a lokacin. Mahaifinsa ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, shi ya yi jinyarsa wata 8 har Allah ya karɓi abinsa, kuma tun daga nan zuciyarsa ta ƙi barin zancen asibiti. Yana so ya ajiye keken ɗinki ya nemi makarantar koyon aikin jinya, ya zama nas. Yayyensa sun ce ya zautu. Abokan majalisa sun laƙaba masa "Sista". Surukinsa ya aiko a tambaye shi wa zai ci da 'yarsa. Shi kuma ga tambayarsa: Malam, in na tafi ne na yi laifi a wajen Allah, ko in na zauna?

Zan fara da abokan majalisa, don maganarsu ce ta fi zafi a zuci, ita ce kuma ta fi rauni a ma'auni.

Wa ya ce jinya aikin mata ce? A shekara ta 2 bayan Hijira aka yi yaƙin Badar, yaƙin da babu kamarsa a tarihin Musulunci, mutum ɗari uku da 'yan kai suka fita. Sayyidina Usmanu ɗan Affan bai fita ba. Matarsa Nana Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), tana kwance ba lafiya, aka umarce shi ya zauna ya yi jinyarta. Bukhari ya kawo cewa an ba shi ladan wanda ya halarci Badar, an kuma ba shi kasonsa na ganima. Ku tsaya ku dubi wannan da kyau. An ɗora zaman jinya a sikeli ɗaya da takobin Badar, kuma wanda ya yi zaman namiji ne, attajiri, wanda daga baya ya zama halifa na uku. To wane ɗan majalisa ne zai ce ya fi Usmanu mazakuta?

Haka ne, mata ma sun yi wannan aiki tun farko. Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take kula da masu rauni, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ. Ba a taɓa ware jinya a ce ta jinsi ɗaya ce ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284 Miladiyya yana da sashen maza da sashen mata, maza na yi wa maza hidima, mata na yi wa mata. Wannan hoto na nas mace da farar riga da 'yar hula da ke zaune a kawunanmu, daga Ingila ya zo. Wata baiwar Allah Florence Nightingale ce ta yi suna a yaƙin Kirimiya a 1854, ta buɗe makarantar jinya ta mata a Landan a 1860, tsarinta ya bi Turawa duk inda suka yi mulki, har da laƙabin "sista" da ake tsokanar ɗan'uwanmu da shi. Abin dariyar shi ne, mai tsokanar yana ganin al'adar iyaye da kakanni yake karewa, alhali ra'ayin Bature yake ta dako a ka bai sani ba.

Mu a ƙasar Hausa tun yaushe namiji ya ji ƙyamar jini da mugunya? Wanzami namiji ne. Shi ke ƙaho, shi ke kaciya, shi ke tsaga maruru, kuma har sarauta gare shi. Maɗori namiji ne, shi ake kai wa karaya da targaɗe. Manzon Allah (SAW) da kansa Abu Ɗaiba ya yi masa ƙaho, ya kuma biya shi ladan aikinsa, wanda malamai suka kafa hujja da shi a kan halaccin karɓar lada a aikin magani. Ban taɓa jin an kira Sarkin Aska "sista" ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa nake ganin wannan tambaya ta wuce ta mutum ɗaya.

Duk wanda ya zauna da dattawan karkara ya san akwai cututtukan da tsoho ke ɓoyewa har su kai shi ƙasa. Ƙaba, gwaiwa, basir, da wannan kumburin da ke toshe wa maza hanyar fitsari in shekaru sun ja. Dattijo zai yi wata da watanni yana fama, yana tashi sau shida a dare fitsari na ɗiga, bai gaya wa kowa ba. In ka ce a tafi asibiti sai ya ce a bari tukuna. In ka matsa sai gaskiya ta fito: "Ni yanzu sa'ar jikata ce za ta buɗe ni?" Sai ranar da fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, a ɗauko shi tsakar dare a bayan a-kori-kura zuwa Bici, wani lokaci daga can a ce sai Kano, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, tafiyar kusan kilomita 40, ƙoda ta riga ta taɓu. Abin da robar fitsari da 'yan ƙwayoyi za su iya sauƙaƙawa tun da wuri ya koma na dubban ɗaruruwa, in ma an yi sa'a ya tashi.

Ta fuskar Shari'a, lalura tana halatta mace ta duba namiji, namiji ya duba mace, gwargwadon buƙata, kuma ina gaya wa dattawanmu su daina kashe kansu da kunyar da Allah bai ɗora musu ba. 'Yan'uwanmu mata da ke wannan aiki a ɗakunan maza suna yin abin da ya kamata a gode musu, Allah ya saka musu da alheri. Amma asali shi ne jinsi ya duba jinsinsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta jero tsarin a game da mace mara lafiya: a fara neman likita mace, sai in babu sannan a je ga namiji. Mun riƙe wannan rabin da hannu biyu, muna ta wa'azi a tura 'yan mata karatun ungozoma, kuma daidai ne. Ɗaya rabin fa? Tsiraicin namiji ma tsiraici ne. In muna son tsohonmu ya sami namiji ya sa masa roba, ya wanke masa gyambo a cinya, ya ɗaga shi ya ɗora a kan fo, to wannan namijin ba daga sama zai faɗo ba. Daga gidan wani zai fito. Muna kuka a masallaci cewa mata na ganin tsiraicin iyayenmu, sannan in wani ya miƙe zai je ya koyi aikin mu yi masa ihu a majalisa. Ba a cin biyu.

Akwai kuma wuraren da ƙarfin jiki kansa ake nema. Duk mai zuwa Kano daga Bici yana wuce Dawanau, inda asibitin masu taɓin hankali yake. Saurayi majiyi ƙarfi da ƙwaya ta juya wa kai, wa zai riƙe shi ba tare da an ji masa ciwo ba? Ga asibitin ƙashi na Dala. Ga ɗakin haɗari a daren da mota ta kife a titin Kano zuwa Katsina aka kwaso mutum goma sha a lokaci guda.

Wannan shi malamai ke kira farilla ta kifaya: aikin da in wasu sun yi ya faɗi a kan kowa, in babu wanda ya yi kowa ya ɗau zunubi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira, ya kawo ilimin likitanci a matsayin misalinta a littafinsa Ihya'u Ulumid Din, ya kuma yi kukan cewa sai ka sami gari babu likita Musulmi ko ɗaya, amma kowa na rububin karatun saɓanin malamai da jayayya, saboda a nan ake samun muƙami da suna. Shekara ɗari tara ke nan da wannan kuka, kamar jiya ya zaga garuruwanmu ya rubuta. A kowace unguwa akwai samari goma da za su kwana suna musu a kan ƙabalu da sadalu, ka nemi mutum ɗaya da ya iya nemo jijiya ya sa wa yaro ƙarin ruwa lokacin amai da gudawa ka rasa. Ni ma ɗan wannan layi ne na masu magana a lasifika, don haka kada wani ya ce gori nake yi. Kuma magabatanmu na nan kusa ba su raba ilimin addini da na jiki ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da mulki da yaƙi, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

Batun cewa ya tsufa da karatu ba zan daɗe a kai ba. Al-Ƙaffal al-Marwazi maƙerin kwaɗo ne, shi ya sa ake kiransa da wannan suna. Sai da ya kai shekara 30 yana wannan sana'a sannan ya juya ga fiƙihu, ya zama jagoran malaman Shafi'iyya na Hurasan a zamaninsa. Alƙur'ani a Suratul Ahƙaf ya ambaci shekara 40 a matsayin lokacin cikar ƙarfi da hankali, kuma a wannan shekarar aka aiko Manzon Allah (SAW). Mu ne muka mayar da arba'in lokacin shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.

Amma kada in yi wa mai tambaya zaƙin baki. Shekaru suna bayarwa, suna kuma karɓa. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekara 20 tana lissafin yadi da zare za ta sha wuya kafin ta haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da Turanci. Ana neman kiredit biyar, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, in takardarka ba ta cika ba sai ka sake zama jarrabawa da sa'annin ɗanka. Ga JAMB. Wasu makarantun suna da iyakar shekarun da suke ɗauka, don haka kafin ka sayar da ko allura, ka taka da ƙafarka ka je makarantar nas ta Kano ko ta Madobi ka tambaya, kada ka dogara da "an ce". Karatun shekara 3 ne zuwa 4 gwargwadon tsarin makarantar, a jami'a kamar Bayero shekara 5. In ka gama kana ɗan 45, ƙa'idar da aka saba a aikin gwamnati ita ce ritaya a shekara 60, ka ga shekarun aikin ba su da yawa, kuma samun aikin ma ba tabbas ba ne. Tsayuwar dare da ɗan shekara 22 zai yi ya wartsake da safe, kai sai bayanka ya gaya maka.

Jarrabawar da ta fi waɗannan duka ita ce ta zuciya. Za ka shiga aji malaminka ƙaninka ne. Za ka shiga ɗakin marasa lafiya shugabarka mace ce, wataƙila ba ta kai matarka shekaru ba, ta ce ka je ka zubar da fo, ta yi maka gyara a gaban mutane. A gida kai ne maigida, a can kai ne ƙaramin kowa. In ka san akwai girman kai a ranka wanda ba zai ɗauki wannan ba, ka zauna a shagonka ya fi maka, don nas mai jin haushin matsayinsa a kan mara lafiya yake hucewa. In kuwa za ka iya, to abin da kake ɗauke da shi yaro ba shi da shi. Ka binne uba. Ka san yadda ake tsugunawa a gaida dattijo kafin a taɓa jikinsa. Ka san abin da magidanci ke ji in an miƙo masa takardar magani ta dubu 30 alhali dubu 4 ce a aljihunsa. Ka san yadda ake juya wanda ya shanye duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ka kuma san warin ɗakin in an yi sakaci. Wannan ba a koyar da shi a allo.

To sai maganar suruki, kuma ita ce maganar. Duk wanda ya yi wa wannan dattijo kallon mai hana alheri bai fahimci addini ba. Tambayarsa ta fiƙihu ce tsantsa: wa zai ci da 'yata?

Ciyar da iyali farilla ce ta aini, a wuyanka take kai kaɗai, babu wanda zai sauke maka. Aikin jinya farilla ce ta kifaya, a wuyan al'umma take. In biyun suka yi karo, ta aini ake gabatarwa. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa tozarta waɗanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi. Babu wani kyakkyawan nufi da zai wanke mutumin da ya tafi Kano neman lada ya bar mata da yara biyar suna aika kwano maƙwabta. Mun ga irin wannan da sunan tafiya wa'azi, mun ga irinsa da sunan neman ilimi, ba mu yaba ba, ba kuma za mu yaba ba don an sa masa farar riga. Kuma ina jan kunnen mai tambaya a kan wani abu: mutuwar uba tana girgiza mutum. Wani lokaci abin da mutum ke ji kamar kira ne zuwa wani aiki, baƙin ciki ne da bai gama sauka ba. Ka ba kanka lokaci. Ka je babban asibitin Bici ka yi ta ziyarar marasa lafiya da ba danginka ba, ka taya masu jinya ɗauke-ɗauke, ka ga ko zuciyar da ta jure kashin mahaifinka za ta jure na baƙo. Jinyar uba so ne ke ɗaukar ta. Jinyar wanda ba ka sani ba, wanda zai iya zaginka kana wanke shi, wani abu ne daban. In bayan wata shida niyyar tana nan, ka yi istihara.

Sannan ka ɗauki biro da takarda. Buhu nawa na gero da dawa gidanka ke ci a shekara, nawa gonar ke bayarwa? Mun san gonakin ƙasar Bici, gado ya yayyanka su, da wuya ka sami wadda za ta ci da gida daga kaka zuwa kaka. Wa zai riƙe shagon, akwai yaron da ka koya wa ɗinki da za a iya yarda da shi? Za ka iya ɗinkin sallah a lokacin hutu? Kuɗin makaranta, na littattafai, na mota, na maganin yara in zazzaɓin damina ya zo, daga ina? In lissafin ya fita ko da da ƙyar ne, Bismillah. In bai fita ba, jinkirtawa ba faɗuwa ba ce. Ka yi shekara ɗaya ko biyu kana tari kana gyara takardu. Akwai kuma gajerun hanyoyi na halal, kamar karatun ma'aikacin lafiya na al'umma a makarantun koyon aikin lafiya, wanda shi ma ƙauye ke matuƙar buƙata.

Kuma matarka ba labari za ka ba ta ba, shawara za ka yi da ita. Ita za ta ɗauki rabin wannan kaya. Ita za ta kwana da yara kana aikin dare, ita za ta ji habaicin matan gida, ita za ta rage cefane. Haƙƙinta ne ta ce ta yarda ko ba ta yarda ba a kan abin da za a rage mata na ciyarwa, kuma in ta yafe wani abu don Allah, ka sani sadaka ta yi maka, ba bashinka ta biya ba. Ka je wajen mahaifinta da kanka, ka tsuguna, ka ce Baba ga lissafina, ga wanda zai riƙe shago, ga abin da na tanada. Dattijon da ya ga takarda ba zai yi maka irin kallon da ya yi wa wanda ya zo da zance ba.

Yanzu ni da yayyen mai tambaya ne, da limamin garinsu, da masu hannu da shuni na wannan yanki. In jinya farilla ce a kan al'umma, me ya sa za a bar mutum ɗaya da matarsa su biya kuɗinta su kaɗai? Bashin na kowa ne, shi dai ya ce zai je ya biya da jikinsa. Yaya da ke cewa ƙaninsa ya zautu, ranar da fitsarinka ya tsaya wa za ka fara kira? Abin da ya kamace ka shi ne ka ce: tafi, gonarka a wuyana, ni zan nome ta tare da tawa. Iyayenmu sun san gayya, gari guda ya fito ya nome gonar mutum ɗaya a yini. Mun iya haɗa kuɗi mu sa tayil a masallacin da siminti ya ishe shi, mun iya sayen lasifika ta uku, mun iya tura mutum Umara karo na biyar. Buhu biyu na hatsi a shekara daga gidaje biyar zai riƙe iyalin ɗalibi har ya gama. Wannan sadaka ce mai gudana wadda za ta riƙa yawo da ƙafafunta tana auna hawan jinin tsofaffinku. A farkon 2024 hukumar da ke kula da aikin nas da ungozoma ta ƙasa ta ce kimanin ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Yaro ɗan 23 da ya gama yau, idonsa na kan Ingila ko Saudiyya, kuma ban zarge shi ba. Magidanci mai 'ya'ya biyar da gona da kabarin uba a ƙauye, shi ne wanda ya fi yiwuwa ya dawo ya zauna. In gari na da wayo, irinsa zai zuba wa jari.

Amma in gari ya taimaka, to akwai alkawari a wuyan wanda aka taimaka wa. Ba haramun ba ne mutum ya nemi albashi, ba kuma haramun ba ne ya fita waje neman halal. Sai dai wanda ya ci hatsin mutane da sunan zai dawo ya yi musu aiki, sannan ya sami takarda ya ɓace, ya ci amana. A faɗi sharaɗin tun farko a gaban shaidu, shekara nawa zai yi a gida, kowa ya sani.

Wani abin da nake jin tsoro ga mai shekaru shi ne gaggawa. Yana ganin lokaci ya ƙure, sai wani ya raɗa masa cewa akwai makaranta a wani lungu, wata 9 an ba ka takarda, ba JAMB ba kiredit. Gwamnatin Kano ta sha rufe irin waɗannan wurare. Ko kuma a ce ya je ya zauna a kemis na wani ya koyi allura, ya dawo ƙauye ana kiransa dakta. Hadisi ya zo a Abu Dawuda da Nasa'i cewa wanda ya yi aikin magani ba a san shi da iliminsa ba, in ya yi ɓarna shi zai biya. Allura ɗaya a gurbin da ba daidai ba tana shanye ƙafar yaro har abada. Jini ɗaya da ba a gwada ba yana kashewa. Ka tabbata makarantar da za ka shiga hukuma ta amince da ita, kuma a ƙarshe za ka zauna jarrabawar hukumar ka sami lasisi. In ba haka ba, ɗinkin rigar sallah ya fi maka lada nesa ba kusa ba, don in ka ɓata yadi ana sayen wani.

Wasu sun tambaya a baya game da tsarki, bari in haɗa a nan a taƙaice. Taɓa jini ko fitsari ko kashin mara lafiya ba ya karya alwala, wurin da ya taɓa ake wankewa. Ka ajiye tufafin salla daban. In kana tsaye a kan wanda ransa ke hannun Allah, ba a barinsa a tafi jam'i, ceton rai yana gaba, ka yi sallarka in an sami sarari.

Akwai nauyi ɗaya kuma da ya fi hawa kan ɗan gari fiye da baƙo. Nas da aka turo daga wata jiha bai san kowa ba, abin da ya gani a ɗakin gwaji a nan yake mutuwa. Kai kuwa ka san kowa. Za ka ga sakamakon jinin mai unguwa. Za ka san wane saurayi ne ke ɗauke da cutar da ba a so a faɗa alhali an sa ranar aurensa da 'yar maƙwabcinka. Za ka san wane attajiri ne ba ya iya riƙe fitsari, wace matar aure ce ta sha abin da bai kamata ba. Da yamma kuma za ka koma majalisar nan dai da ta kira ka "Sista", yanzu ana matsa maka wuri ana zuba maka shayi, ana cewa, "Wai me ke damun Alhaji ne? Mun ga an kai shi wajenku." A nan ake gane wanda ya cancanci rigar. Har matarka ba ta da haƙƙin jin abin da ka gani. In lamarin ya shafi cutar da wani, kamar batun auren can, akwai hanyarsa: ka yi wa mai cutar nasiha a keɓe, ka mayar da maganar ga likita da tsarin asibiti, ba ka kai ta bakin kasuwar Badume ba. Tela ya saba da hira, shago wurin zance ne, keke na tafiya baki na tafiya. Mai tambaya ya auna harshensa tun yanzu, ya ga ko zai iya jin labari mai daɗin bayarwa ya kwana da shi shekara 20 bai gaya wa kowa ba.

Wallahu a'alam.